Ranar da Aka Je Duban Kyanwar Ladan

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar Maamobi ya san muryar Garuba, ko da bai san fuskarsa ba. A Nima aka haife shi, a wani gidan haya da ke bakin babbar kwata. Mahaifinsa bafataken goro ne da ya zo daga Sakkwato ya ƙi komawa, mahaifiyarsa kuwa Badagomba ce mai sayar da koko. Tsofaffi sun ce ranar da ya faɗo duniya, kukansa na fari ya sa akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Ba a tabbatar da wannan ba, amma babu wanda ya taɓa jin Garuba ya buɗe baki sannan ya yi musu.

A makarantar allo malaminsa a ƙofar waje yake zaunar da shi, don sauran yara su ji abin da suke karantawa. Da ya girma ya shiga kwandastancin trotro, ƙananan bas na haya, tsakanin Nima da tashar Circle. Shekara goma sha huɗu yana rataye a ƙofar mota yana kiran fasinja, kuma an ce akwai waɗanda ba su yi niyyar zuwa ko'ina ba amma sukan shiga, don kawai motar ta cika a samu shiru. Daga baya ladanin wani ƙaramin masallaci da ke layin mahauta ya rasu, jama'a ba su ko yi dogon tunani ba, suka je tasha suka ɗauko Garuba.

Shekara ashirin da shida ke nan yana kiran salla a nan. Ɗakinsa yana manne da masallacin, kuma a kan rufinsa aka kafa ƙahon lasifika, domin kwanonsa ya fi na masallacin ƙwari. Matarsa Memuna takan ce ita ta daɗe da ba da kunnen hagu sadaka, da na dama take zaman aure. Ta rasu shekara uku da suka wuce. 'Yarsu ɗaya tana aure a Kumasi. Sai ya zamana Garuba yana da muryar da ta cika unguwa, amma a ɗakinsa babu wanda zai ce wa an wayi gari lafiya.

Ɓeraye ne suka fara gane haka. Suka ci sabulu, suka ci gefen darduma, suka ci hular da yake zuwa idi da ita. Mma Abibata, mai sayar da waace, dafaffiyar shinkafa da wake, a bakin layi, ita ya kai wa kuka. Bayan kwana biyu sai ga ta da buhun shinkafa an ɗaure masa baki, buhun yana rawa.

"Baba Ladan, ga maganin ɓeranka. Wani mahauci a Sabon Zongo ya ba ni. Ya ce a kwata ya tsince ta bayan ruwan sama, an sha jifan ta da dutse. Ni dai ban kwance ba, kada ta yage ni."

Garuba ya yi godiya, ya shiga ɗaki, ya rufe ƙofa, ya kwance buhu. Wani abu ya wuce fiu ta tsakanin ƙafafunsa, ya shige ƙarƙashin gado, can bayan akwatin ƙarfen Memuna da tsofaffin kwanukanta na aure. Ya durƙusa cikin murna ya ce, "Mus-mus!" Da muryarsa ya faɗa, wadda Allah ya ba shi. Kwanukan suka yi ƙara. Bayan rabin awa kuma ya fita ya kira la'asar, rufin ɗakin ya ɗauki rawa kamar yadda ya saba.

Kwana uku kyanwar ba ta ci ba, ba ta sha ba. Ya ajiye mata busasshen kifi, ya ajiye madara, ya ajiye ƙashin kaza da sauran nama a jiki, duk sai ƙuda. In ya kwanta rubda ciki ya leƙa, ba ya ganin komai sai idanu biyu can cikin duhu, su ma da zarar sun haɗu da nasa sai su mutu. A rana ta huɗu aka ɗauke wuta tun safe. Ya kira azahar da la'asar ba lasifika, kuma da yake mura ta ɗan kama shi, bai ɗaga murya sosai ba. Da ya dawo ɗaki sai ya tarar da kwanon kifi fes, kamar an wanke.

Garuba ya zauna a bakin gado ya daɗe yana kallon kwanon. A shekara sittin da biyu, ranar ce ya fara gane cewa akwai halittar da muryarsa ke hana ta cin abinci.

Daga nan ya shiga koyon abin da bai taɓa koya ba. Ya shafa wa ƙyauren ƙofa man kaɗe. Ya kyautar da rediyonsa. Yakan cire takalmi tun daga ƙofar masallaci, ya shiga ɗakinsa da sanɗa kamar ɓarawon kansa. In atishawa ta zo masa, sai ya toshe hanci ya ruga da ita har bakin layi, ya sake ta kusa da tukunyar Mma Abibata. Ya roƙi yashi wajen magina ya zuba mata a tsohon faranti. Ya raɗa mata suna Baƙuwa. Da yamma yakan zauna a ƙasa ya juya wa gadon baya, don ya lura ba ta son a dube ta, ya riƙa ba ta labarin Memuna a hankali, da labarin direban da ya taɓa manta shi a Circle ya tafi da mota.

Kiran salla kuwa, ya fara da ja da baya taku ɗaya daga makirfo. Sai taku biyu. Sai uku. Kafin wata biyu, abin da ke fita daga ƙahon bai wuce kukan sauro ba.

Unguwa ta rikice. Direbobin trotro da suka shekara ashirin ba su sayi agogo ba suka fara makara. Mai koko ta riƙa fitowa bayan masu sayen sun tafi. Sahun asuba ya koma mutum huɗu, biyu daga cikinsu marasa barci ne dama. Sai magana ta fara yawo. Wata ta ce ta ji shi ta taga yana cewa, "Baƙuwa, ki daure ki ci mana." Wani ya ce aure ya yi a ɓoye. Mafi yawa suka ce aljana ce ta shige masa ɗaki ta riƙe masa maƙogwaro, don ai babu wanda ya taɓa ganin kyanwa a gidan, ko a kan katanga, ko a bakin ƙofa.

Kwamitin masallaci ya zauna ranar Litinin bayan azahar. Shugabansa Alhaji Osumanu ne, mai sayar da siminti da rodi, mai gidan bene ɗaya tilo a layin. A kan benensa ake hawa duban wata duk ƙarshen Sha'aban da ƙarshen azumi, shi ke gaba da madubin hangen nesa, ko da yake tun da aka fara bai taɓa riga kowa gani ba.

"Malam Garuba," in ji Alhaji, "ba mu kira ka don wulaƙanci ba. Ina muryarka ta tafi?"

"Tana nan, Alhaji," Garuba ya ce a hankali, har sai da liman ya matso da kunne. "Kyanwa ce gare ni mai tsoro. Ina roƙon a ɗauke ƙahon nan daga kan ɗakina a kai wani rufin. Ranar da aka ɗauke, ranar za ku ji ni har Kotobabi."

"A ɗauke lasifikar masallaci saboda kyanwa. To, ba laifi, dabba ma tana da hakki. Wa ya gan ta?"

Aka aika kiran Mma Abibata. Ta zo da ludayi a hannu.

"Mma, kin ga kyanwar?"

"Ni na kawo ta da hannuna."

"Ba haka na tambaya ba. Kin gan ta?"

"Na ga buhu yana motsi."

"Buhu yana motsi," Alhaji ya maimaita yana duban jama'a. "Ko agwagwa aka sa a buhu ai zai yi motsi."

Garuba ya ce abinci yana ƙarewa. Aka ce ɓera ma yana da baki. Ya shiga ɗaki da sanɗa ya ɗauko farantin yashi ya ajiye a gaban kwamiti. Dattawa shida suka sunkuya a kai. Ɗaya ya ce na kyanwa ne, ɗaya ya ce ya taɓa ganin na gafiya kamar haka a Tamale. Liman ya ce a ɗauke farantin daga kan tabarmar masallaci tukuna.

Sai Alhaji ya gyara tabarau. "Kai da kanka, Malam Garuba. Wane launi ce?"

Nan aka kama Garuba. Wata huɗu yana ciyar da ita, idanu kawai ya sani.

Liman ne ya yanke magana. Ya ce abin da yake ɓoye, jama'a kuma suka yi saɓani a kansa, ai akwai yadda aka saba yi masa. Ko a ganin wata ma, ba a ɗaukar azumi don mutum ɗaya ya ce ya ji a jikinsa watan ya tsaya. Shaidu biyu adalai ake nema, su gani da ido. Saboda haka ranar Alhamis, daga bayan azahar zuwa la'asar, mutum biyu za su zauna a ɗakin Ladan. In sun ga kyanwa, a ɗauke ƙaho. In ba su gani ba, la'asar ɗin ranar ita ce kiransa na ƙarshe, Jibirilu mai gyaran rediyo zai karɓi makirfo, shi kuma Garuba a kai shi a yi masa ruƙiyya.

Alhaji Osumanu ya ce shi ne shaida na farko, tunda duba sana'arsa ce. Na biyu aka zaɓi Muftahu mai aski, don ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Abin da aka manta shi ne, ba a taɓa kama shi da shiru ba kuma. Muftahu in ya fara yi wa mutum aski da labari, kafin ya gama gefen dama na hagu ya fara tsirowa.

Ranar Alhamis layin ya cika. Mata suka jeru a jikin katanga, mahauta suka bar teburansu, Mma Abibata ta jawo tukunyarta kusa. Garuba ya tsaya a ƙofa ya ba shaidu sharuɗɗa: a cire takalmi, a kashe waya, ba magana, ba tari, kuma kada a dubi ƙarƙashin gado.

"To in ba mu duba ba, ta yaya za mu gani?" in ji Alhaji, madubin hangen nesa yana rataye a wuyansa.

"Ita za ta dube ku tukuna, Alhaji."

Suka zauna a tabarma su uku, sun juya wa gado baya, suna kallon bango. Kwanon kifi yana tsakar ɗaki. A bangon babu komai sai kalandar shekarar da Memuna ta rasu.

Minti goma na farko Muftahu ya jure. Daga nan leɓɓansa suka fara motsi ba sauti. Ya tuna wani labari game da kyanwar kakarsa, labarin ya taso masa har wuya, ya haɗiye shi da ƙyar, idanunsa suka kawo ruwa. Ya ɗaga yatsa kamar ɗan makaranta. Garuba ya girgiza kai. Cikin Alhaji, wanda ya ci tuwo da miyar ayoyo kafin ya zo, ya yi wata doguwar ƙara mai hawa da sauka. Duk suka ji wani ɗan motsi a bayan akwati, sai kuma shiru.

"Wallahi ba da gangan ba ne," Alhaji ya raɗa.

Awa ɗaya ta wuce. Zafi ya sauko daga kwano. Alhaji ya ɗaga madubinsa ya dubi kalanda da shi, don dai kada a ce ya zo da shi a banza. Ƙafar Muftahu ta mutu, ya riƙa matsa ta yana kuka marar sauti. A waje wani ya gaji ya ɗaga murya, "An gani?" Mma Abibata ta kai masa ludayi a kafaɗa.

Da inuwar taga ta kai bakin kwanon kifi, Garuba ya san la'asar ta yi. Alhaji ma ya sani. Ya dubi tsohon ladanin, sai tausayi ya kama shi, domin shi ba mugun mutum ba ne, so yake a gama. Ya miƙa hannu ya jawo tsintsiya daga bayan ƙofa ya ɗora wa Garuba a cinya.

"Malam Garuba," ya raɗa, "shekara ashirin da shida ba wasa ba ce. Zura wannan sau ɗaya. In tana nan za ta fito a guje, mu gani, shi ke nan. Ko wutsiya muka gani na karɓa."

Garuba ya riƙe tsintsiyar. Ya san gaskiya Alhaji ya faɗa, zura ɗaya ta isa. Ya tuna yadda ƙahon ke ɗaukar muryarsa ya watsa ta kan rufin Maamobi, da yadda Memuna ke cewa ko a kasuwar Nima take ta san mijinta yana raye. Ya kuma tuna cewa shekaranjiya, yana zaune yana ba da labari, ya ji an taɓa gefen rigarsa ta baya, taɓawa ɗaya, aka janye. Wata huɗu aka yi kafin a kai ga wannan.

Ya mayar da tsintsiyar bayan ƙofa a hankali.

"Alhaji, da sanda aka kore ta ta faɗa kwata. Ba za a kore ta da sanda a ɗakina ba. Ku ba Jibirilu makirfon."

Ya tashi ya fita da sanɗa. Jama'a suka buɗa masa hanya. Ya shiga masallaci, ya dubi makirfon, bai ko kunna shi ba. Ya tsaya a ƙofa ya sa yatsu a kunne ya fara kira a hankali, yadda ya saba a watannin nan.

A ɗaki shaidu suna shirin miƙewa, sai kwanon Memuna ɗaya ya yi ƙas. Muftahu ya daskare da gwiwa ɗaya a sama. Wata 'yar siririyar kyanwa ta fito daga ƙarƙashin gado, kunnenta ɗaya a yage. Ba ta ko dube su ba, da alama zaman awa biyu ya sa ta ɗauke su kayan ɗaki. Ta bi ta tsakaninsu, ta taka gefen babbar rigar Alhaji, ta je ta zauna a bakin ƙofa ta ciki tana fuskantar inda muryar ke fitowa. Ta zauna nan har aka gama kiran. Sannan ta juya ta ci kifinta, ta lashe hannu. Ashe kullum haka take yi. Sau biyar a rana take fitowa, daidai lokacin da mai ɗakin ba zai taɓa kasancewa a ciki ba.

Aka ta da iƙama. Shaidu suna ji, amma kyanwa tana tsakaninsu da ƙofa, kuma babu wanda ya yarda ya zama shi ne ya firgita ta. Alhaji Osumanu, wanda ya shekara goma bai rasa kabbarar farko ba, yana zaune da madubi a wuya har aka yi raka'a biyu. Sai da ta ga dama ta koma bayan akwati, sannan suka fito da rarrafe.

Bayan sallama Garuba ya tashi zai miƙa wa Jibirilu makullin akwatin lasifika. Sai Muftahu, wanda ya rama raka'o'insa da saurin da liman bai ji daɗinsa ba, ya fashe kamar famfon da aka daɗe da toshewa.

"An gani! Jama'a, an gani! Na rantse da Allah na gan ta, baƙa ce mai farin wuya, ta zauna kamar mai jiran a ba ta sahu, ta tuna mini da kyanwar kakata wadda..."

"Toka-toka ce," in ji Alhaji. "Ni na fara gani."

"Alhaji, da girmanka, baƙa ce. Madubin nan naka ai ta baya ka riƙe shi."

Liman ya ce saɓani a kan launi ba ya ɓata shaida, tunda duka biyun sun yarda kyanwa ce ba agwagwa ba. Mata suka yi guɗa a waje, Garuba ya fito a guje yana roƙon su da hannu biyu su yi ƙasa-ƙasa.

Washegari Jibirilu ya hau ya kwance ƙahon. Da aka nemi rufin da ya fi tsawo da ƙwari a layin, babu sai benen Alhaji Osumanu, daidai saman ɗakin kwanansa. Alhaji ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna shi ne ya fara gani. A ranar Garuba ya matso jikin makirfo ya saki muryar wata huɗu. An ce wani direba a Kotobabi ya taka birki.

Har yanzu Garuba ne ladan. Sahun asuba ya cika, kuma Alhaji ne ke fara zuwa, idanunsa jajur. Garuba ya koma zuwa aski duk mako, ko da yake kansa babu abin askewa, don kawai Muftahu ya sake faɗa masa yadda take zama, da wane kunne ne a yage. Jibirilu ya ce zai iya ɓoye waya a ɗakin ta ɗauko masa hotonta. Garuba ya yi godiya, ya ce a bari.

Ran nan da yamma yana zaune a ƙasa, ya juya wa gado baya, yana ba da labarin direban da ya manta shi a Circle, sai ya ji wani abu mai ɗumi ya kwanta a kan ƙafarsa. Bai sunkuya ba. Ya ci gaba da kallon kalanda, ya ɗauko labarin daga farko.